Ƙwayar Safe ta Baba Zarami

Litinin. Da safe: wanke tabarmar Baba, a shanya.

Diffa, 18 ga Nuwamba

Ƙanena Kashim,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da layin da ke sama, takardar daga kaye na yago ta, wato littafin da nake rubuta ayyukan gida. Ina fata kana lafiya, kai da Aliya da yara, da fama da aiki. Mu nan lafiya lau, sai sanyin safe da ya fara shigowa daga gulbi. Maigidana Abbakar yana gaishe ka.

Na zaɓi takarda don a waya kana katse ni, ni kuma in an katse ni sai abin da na ɗauko ya watse. Direban da ke kawo maka kifi zai miƙa maka ita.

Maganar Baba ce. Mantuwarsa ka san ta, shekara biyu ke nan. Hausarsa ta tafi, Barbarci kaɗai ya rage masa, kuma wani lokaci yana tambayata ko Inna ta dawo daga kasuwa. Wannan duk mun saba. Abin da ba mu saba ba shi ne, tun bayan damina ya bar cin abinci da rana. In na kai masa kunu sai ya ture kwanon da bayan hannu. Yakan juya fuska ga bango, hawaye na zuba, ba sauti. Ran nan ya ce da ni, "Da kuka ɗauko ni daga Bosso, me kuka ɗauko? Da kun bar ni kun ɗauki tukunya." Sai bayan magariba yake taɓa tuwo kaɗan. Wandonsa har na ƙara masa ɗinki a ƙugu.

Ran Alhamis na kai shi asibiti. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce abu biyu ne a kansa. Mantuwar ba ta da maganin da zai mayar da ita baya. Amma wannan kukan da ƙin abincin da faɗin gara mutuwa, ciwon damuwa ne, kuma shi yana da ƙwaya. Ta rubuta masa, ɗaya kowace safiya. Ta gaya mini gaskiya: ga masu cikakken hankali ƙwayar takan yi aiki, amma ga tsofaffi masu mantuwa ba a da tabbas, wasu ta karɓe su, wasu ba a ganin komi, wasu kuma ta sa musu jiri da bushewar baki har su faɗi. Sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a sani. Ta ce in riƙa lura. Na ce ina da kaye. Ta yi dariya, ta ce to in ja layi huɗu: ci, barci, kuka, jiri.

Na ja. Yau kwana huɗu. Ci bai canza ba, jiri sau biyu, kuma yana yin kuka bayan ya haɗiye. Ban sani ba ko ni ce ban iya ba shi ba. Wani lokaci ina duban kayen in ga kamar na gaza.

Ka gaida Aliya. Ka sa mu cikin addu'a.

Yayarka,
Ummusalma

*

Yamai, 2 ga Disamba

Ya Ummu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya zo, kifin ma ya zo, yara sun gode. Muna lafiya, sai Aliya da ta ɗan yi mura, ta warware. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya saka miki da alheri.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na gane abin da kunya ta hana ki faɗa ƙarara. Kin ce kin gaza. Ba laifinki ba ne. Shekara takwas yana hannunki, ga gidan miji, ga yaranki. Ni ma abin yana cina a rai. Duk ɗan garinmu da na haɗu da shi a nan sai ya tambaye ni, "Tsoho har yanzu yana gidan surukinsa?" Ba su ƙara komi, amma ni na san abin da suke nufi.

Don haka na yi magana da Kawu Maina, ya amince. Ƙarshen Janairu ina da hutu, zan zo in taho da Baba. Nan akwai manyan likitoci na ƙwaƙwalwa, akwai ɗaki, akwai talabijin. Aliya ta riga ta fara kwashe kayanta daga ɗakin baƙi.

Kafin nan kar ki yi wasa da ƙwayar ko rana ɗaya. Na tambayi wani abokin aikina da mahaifiyarsa ta sha irinta, ya ce sai da haƙuri. Jirin zai wuce.

Kayenki kuwa, Allah ya bar mu da ke. Tun muna kolej kike rubuta ranar da kaza ta fara ƙwai. Ki riƙe shi, zan kai wa likitan nan ya gani.

Ƙanenki,
Kashim

*

Diffa, 5 ga Janairu

Kashim,

Assalamu alaikum. Ya sanyi, ya jikin Aliya? Mu lafiya. Na san na daɗe ban amsa ba, kuma ka kira sau uku na ce ina aiki. Ba aiki ba ne kaɗai. Raina ne ya ɓaci, na ce bari sai ya sauka.

Ban ce na gaji da Baba ba. Na ce ina tsoron ban iya ba shi magani daidai ba. In na rubuta maka shakkata, ba takardar ajiye aiki ba ce. Abbakar ma da ya ji, cewa ya yi, "Tsohon nan shi ya koya mini auna tattasai ina saurayi. Wa ya ce masa gidan suruki ne?"

Yanzu ga labari mai daɗi, kuma da lissafinsa na zo. A makon farko Baba ya yi kuka kwana shida cikin bakwai. Makon da ya wuce, kwana ɗaya. Jiri ya ɗauke tun ƙarshen Nuwamba, ka yi gaskiya a nan. Da rana har yanzu ba ya ci, amma tuwon magariba yana cinye shi tas, jiya har ya nemi ƙari. Ya bar juya wa bango fuska. Tun da Abbakar ya fara kawo tattasan bana daga gonakin bakin Komadugu muna shanyawa a tsakar gida, can yake wuni a gefen shanya, yana tsince-tsince.

Likita ta ce mako shida, ga shi kuwa a mako na shida abin ya juya. Da na kai mata kayen ta daɗe tana dubawa, ta ce da kowa zai kawo mata irinsa da aikinta ya yi sauƙi. Ban ɓoye maka ba, a hanyar gida na ji kamar ranar da aka kira sunana a sakamakon jarrabawa.

To tunda ƙwaya ta karɓe shi a nan, me zai je nema a Yamai? Tafiyar kwana biyu a mota ga mutumin da ƙofar bayan gida ma takan ɓace masa. Ka sake tunani, ka gaya wa Kawu.

Yayarka,
Ummusalma

*

Diffa, 20 ga Janairu

Kashim,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Baba lafiya, kar gabanka ya faɗi. Amsarka ba ta iso ba tukuna, amma ba zan jira ta ba, don abin da na rubuta maka a baya akwai kuskure babba a ciki, kuma ni na yi shi.

Jiya igiyar gafakar Baba ta tsinke. Na ciro Alƙur'aninsa don in kai ta wajen baduku, sai na ji wani ƙunshi a ƙasa. Tsumma ne, an ɗaure shi da kyau. Ƙwayoyin ne, Kashim. Na zauna na ƙirga sau uku: hamsin da biyar. Kwana sittin da shida ke nan da farawa. Sha ɗaya kaɗai ya haɗiye.

Na koma kayen na gane inda na kauce. Kwana sha ɗayan farko ina tsayawa a kansa har ya haɗiye. A rana ta sha biyu ya ɗaga ido ya ce, "Yanzu har an kai inda ƴa take tsayawa tana kallon maƙogwaron ubanta?" Kunya ta kama ni. Ka san yadda aka tashe mu, ko ruwa yake sha ba ma ɗaga kai. Daga ranar sai in ajiye masa ƙwaya da moɗa in fita, in dawo in tarar moɗa ba ruwa, in rubuta "ya sha". Sau hamsin da biyar na rubuta abin da ban gani ba. Ruwan kuwa gindin zogalen da ke bayan tabarmarsa yake zubawa.

Na kai masa ƙunshin, na durƙusa, na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Ya dube ni kamar ni ce mai mantuwar. Ya ce, "Na bayan shan ruwa ne. Ke ba kya azumi, ban ce miki komi ba, mata suna da uzurinsu. Amma ni kar ki ƙara karya mini."

Azumi yake yi. Tun bayan damina a wurinsa watan azumi ne, kullum. Ka tuna azumi ya same mu a hanya lokacin da muka baro Bosso, shi kuma ya ƙi sha duk da malamai sun ce matafiyi ya sha. Ina jin kansa can ya koma ya tsaya. Kullum da la'asar yana tambayata ko an kira salla, ni kuma ina cewa Allah sarki, tsoho da son salla. Kukan da yake yi bayan ya haɗiye a kwanakin farko, ni nake karya masa azumi da hannuna.

Yau da safe na je wajen likita da ƙunshin da kayen. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce damuwar gaskiya ce, mai azumi ba ya cewa gara a bar shi a ɗauki tukunya. Amma sauƙin da ya samu ba na ƙwaya ba ne, kwana sha ɗaya ba su isa ta yi aiki ba, jirin ne kawai mai yiwuwa nata. Ta ce mu duba me ya canza. Muka bi layin kuka da yatsa. Ya fara raguwa 22 ga Disamba. A gefen takardar, inda nake rubuta ayyukan gida, 21 ga Disamba na sa: "Tattasai buhu tara sun iso, a share tsakar gida."

Ta ce ba za ta rantse tattasai ne ba, ni ma ba zan rantse ba. Amma mutumin da ya samu sauƙi ba tare da ƙwaya ba, ba za ta fara masa ita yanzu ba, ga hatsarin faɗuwa. A ajiye, a ci gaba da lura. In baƙin cikin ya dawo, a fara da rabi, bayan magariba, a gabana. Abin da ya fi damunta ruwa ne, don zafi na tafe.

Na san da wannan wasiƙar na ba ka sandar da za ka doke ni. Hujjata ta riƙe Baba ita ce ƙwaya ta karɓe shi a hannuna, ga shi sha ɗaya kaɗai ya sha. Na yi tunanin in yi shiru. Ban iya ba.

Ummusalma

*

Yamai, 27 ga Janairu

Ya Ummu,

Salam. Muna lafiya.

Wata biyu tsoho yana wuni ba ruwa a cikinsa, a gabanki, kina rubuta "ya sha". Da ya faɗi fa? Da ƙodarsa ta tsaya fa? Ban ce ba ki yi ƙoƙari ba, amma wannan ya wuce aikin kaye. Kuma likitar da za ta ce tattasai ya fi magani, ni ban gamsu da ita ba.

An ɗage mini hutu zuwa tsakiyar Fabrairu. Ki haɗa masa kayansa da takardun asibiti. Kawu ya sani.

Kashim

*

Diffa, 6 ga Fabrairu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Mu lafiya, Baba ya ƙara kilo ɗaya da rabi, a ma'aunin asibiti, ba a idona ba.

Faɗanka na karɓa, na cancanta. Abu ɗaya zan gyara: likita ba ta ce tattasai ya fi magani ba. Ta ce ba ta sani ba, kuma ta ajiye ƙwayar a kusa. Ni wannan ne ya sa na yarda da ita.

Maganar ruwa mun samu hanya. Na je wajen Malam Lurwanu, limamin unguwa, tsaran Baba ne. Ya zo ya zauna da shi ya ce, "Zarami, ni da kai an ɗauke mana azumi, ciyarwa ce tamu, kuma ƴaƴanka sun ciyar. Sha." Baba ya sha moɗa biyu. Washegari ya manta. Malam ba zai iya zuwa kullum ba, sai Abbakar ya ɗauki muryarsa a waya, da Barbarci. Yanzu sau uku a rana nake kunna masa. Kowane karo sai Baba ya gyara zama ya gaida wayar, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon gwiwa, sannan ya ce, "To tunda malam ya ce." Ina tsayawa sai na ga maƙogwaro ya motsa. In ya harare ni, in sunkuyar da kai, amma ba na fita.

Shekaranjiya wani dillali ya zo duba tattasai. Ya zura hannu a buhu ya ce wannan na biyu ne, ba na ɗaya ba. Baba daga tabarma ya ce, "Kai ɗan wa?" Mutumin ya faɗa. Baba ya ce, "To ubanka bai koya maka ba. Kawo." Ya matse ɗaya a kunnensa, ya karya, ya nuna masa cikin. Ya ce wannan ɗiban farko ne, an shanya shi a yashi mai tsabta, wancan da ke gefe shi raɓa ta taɓa. Dillalin ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Baba, na tuba." Bayan awa ɗaya Baba ya tambaye ni wace ce ni. Amma ka ga fuskarsa lokacin da yake riƙe da tattasan nan, Kashim. Ban gan ta ba tun muna gida.

Kayansa ban haɗa ba. In ka zo ka ce sai ka tafi da shi, kai ne namiji, Kawu na bayanka, ba zan tare ƙofa ba. Amma kafin nan ka amsa mini: daga ƙarfe bakwai da kai da Aliya kuke fita zuwa la'asar, me zai riƙe a hannunsa?

Na kwafe maka kayen gaba ɗaya, har da layukan ƙaryar, na ja musu jan biro. Ga kuma ƙaramin buhun tattasai, Baba ne ya tsince, shi ya ɗinke bakin.

Yayarka,
Ummusalma

*

Yamai, 16 ga Fabrairu

Ya Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaida Kaka.

Buhun ya kwana uku a falo ban buɗe ba. Aliya ta ɗauko wuƙa za ta yanke zaren, na ce ta bari. Ɗinkin nan ne na zagaye biyu da ƙulli a tsakiya, wanda Baba ya sha buge mini hannu a kai ban taɓa iyawa ba. Ban san har yanzu hannunsa na yi ba.

Tambayarki na juya ta. Amsar ita ce na'urar canza tasha. Ita zai riƙe.

Na karanta kwafin duka. Da ni ne, da na yage shafukan jan biron ban nuna wa kowa ba, kin san hali. Na kira Kawu na ce Baba zai zauna. Ya ce mutane fa? Na ce duk mai magana ya je Diffa ya wuni ɗaya yana kunna wa tsoho liman.

Sharaɗina biyu. In kuka ya dawo, a fara ƙwayar yadda likita ta ce, ba jinkiri. Kuma ki gaya mini a ranar, a waya, na yi alkawari ba zan katse ki ba. Hutun na sake ɗage shi, zan yi shi a wurinku, da salla.

Abin da na rubuta a fushi, ki yafe.

Ƙanenki,
Kashim

*

Diffa, 26 ga Fabrairu

Kashim,

Assalamu alaikum. Na yafe tun kafin ka nema. Wasiƙarka na karanta wa Abbakar, ya ce in gaya maka ɗinkin shi ma bai iya ba. Kowa lafiya. Kuka sau ɗaya cikin kwana goma, barci daidai, jiri babu. Sharuɗɗanka na karɓa.

Kar ka ɗauka an gama. Tattasan Abbakar ya kusa ƙarewa, ni kuma tsoro ya kama ni. Sai na yi wata dabara da nake jin kunyar faɗa. Abin da Baba ya wuni yana warewa, da yamma na sake garwaya shi, don ya samu na yi da safe. Gari na wayewa ya zura hannu, ya tsaya. Ya ce, "Wannan ya taɓa wucewa ta hannun mai hankali, wani sakarai ya ɓata." Ya ture tabarmar, ya ƙi taɓawa har azahar. Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba. Na shiga ɗaki na yi dariya har da hawaye, sannan na rubuta a kaye cewa sakaran ni ce.

Don haka aikin gaske zan nemo masa. Baturiya maƙwabciyarmu tana da buhu huɗu, ta ce a ɗauko su a tsince mata, ta gode. Bayan su ban sani ba. Wataƙila kuɓewa busasshiya, wataƙila irin shuka. Wataƙila kuma ranar ƙwayar ta zo, in ta zo ba zan ɗauke ta faɗuwa ba.

Direba na jira, kuma takardar nan ita ce ta ayyukan gobe, ka yi haƙuri da abin da ke ƙasa.

Yayarka,
Ummusalma

Alhamis:
Karɓo gafaka wajen baduku.
Malam Lurwanu ya sake ɗaukar murya, Baba ya fara cewa malam na maimaita kansa.
Tambayi likita moɗa nawa a rana in zafi ya shigo.
Zare da basilla, nasa sun ƙare.
Buhunan Baturiya, kafin ya tashi.